Bayan ciwon ya lafa, ina rayuwar mai sikizofireniya ta kwana?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai albarka mu yi magana a kan wasu bayin Allah da ke cikin gidajenmu a Zariya da kewaye, wato masu fama da nau'in taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofireniya. Mu ma'aikatan lafiya ne a wannan fanni, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata amsa ce da ta kama bakin dangin marasa lafiya. In aka ce wa uba ko wa, "Yaya mai jiki?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ya yi shiru, ba ya damun kowa." Shi ke nan, kowa ya ɗauka aiki ya ƙare. Amma shiga gidan ka gani. Saurayi ne ɗan shekara 25 kwance a ɗakin zaure tun hantsi har la'asar, jiki a sandare, yawu na dalala, ba mai ce masa taso mu ci, ba mai aikensa, ba mai neman shawararsa ko a kan abin da ya shafe shi. Mutanen gida sun samu barci, shi kuwa rayuwarsa ta tsaya cak.

Tambayoyin da suka kamata a riƙa yi daban ne. Yana barci da dare ya tashi da safe? Yana wanka ba sai an yi faɗa ba? Da wa yake cin abinci? Yana fita masallaci ko majami'a? Akwai abin da yake yi da hannunsa har a biya shi? Yaushe rabon a auna masa hawan jini? Waɗannan su ne ma'aunin ko magani ya yi amfani, kuma yawancinsu ba a asibiti ake samar da su ba.

Ciwon ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum miliyan 24 ke fama da shi, kimanin ɗaya cikin kowane mutum 300. Yakan fara ne daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen shekara 30, kuma yakan riga kama maza da wuri fiye da mata. Ke nan yana faɗo wa mutum daidai lokacin da yake karatun jami'a a Samaru ko Kongo, ko yake koyon sana'a a Sabon Gari, ko ake shirin kai ta ɗaki. Alamomin da kowa ya sani su ne jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, da zargin da ya kafu a zuciya ba ya kankaruwa, kamar a ce ana sa masa guba a tuwo ko maƙwabta na bibiyarsa, da magana marar kan gado. Waɗannan magani yakan kwantar da su sosai. Akwai kuma wasu da ba a cika ganewa ba, kuma su ne suka fi cinye rayuwar mutum: mutuwar zuciya, ƙarancin magana, fuska ba walwala, rashin sha'awar komai, mantuwa, da kasa tsara aiki mai hawa biyu ko uku. A gida ana kiran wannan lalaci ko ƙiwa, a yi ta gori. Ciwon ne, kuma gori ba ya ɗaga shi. Hukumar ta ce aƙalla ɗaya cikin uku na masu ciwon alamominsu kan ɓace gaba ɗaya. Sauran kuwa da yawa suna iya zaman aure da sana'a in an riƙe ciwon yadda ake riƙe ciwon suga, wato da magani a kai a kai da lura.

Abu na farko da ke ɓata makoma shi ne jinkiri. Gida kan shafe watanni, wani lokaci shekaru, ana zagaye tsakanin mai ruƙiyya da mai hayaƙi da mai magani a ƙauye, a sayar da akuya a sayar da gona, sai an ƙare sannan a nufi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Bincike ya tabbatar cewa gwargwadon daɗewar ciwon ba magani, gwargwadon wahalar farfaɗowa. Ba mu ce a bar addu'a ba, mu ma masu yi ne. A yi tofi, a yi ruƙiyya, a kuma sha magani a rana guda, ba abin da ɗaya ke rage wa ɗaya. Abin da muke ƙi shi ne a ce wa mara lafiya ya ajiye ƙwaya don "ba ciwon asibiti ba ne", ko a yi masa bulala da sunan korar aljani, ko a hana shi abinci. An ma gwada haɗin gwiwa a aikace: a wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ma'aikatan ƙananan asibitoci sun riƙa ziyartar marasa lafiya a wurin masu maganin gargajiya da na addini suna ba da magani, kuma waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Malaman Zazzau ba su fi ƙarfin irin wannan fahimtar juna ba.

Yanzu maganin kansa, don a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Akwai tsofaffin magunguna masu araha kamar Largactil da haloferidol, akwai sababbi kamar risferidon da olanzafin. Likita ne ke yanka adadi, amma yana da kyau dangi su san iyaka: risferidon yawanci miligiram 2 zuwa 6 ne a rana, olanzafin 5 zuwa 20. Barci da natsuwa kan zo a kwanakin farko, amma muryoyi da zargi sai a hankali, don haka ba a yanke wa magani hukuncin gazawa sai an sha shi daidai na mako 4 zuwa 6. In aka manta an tsallake sha ɗaya, ba a ninkawa washegari. Bayan tashin farko, ana ci gaba da sha aƙalla shekara guda bayan an samu lafiya, sau da yawa har biyu. Wanda ciwon ya taso masa sau biyu ko fiye, maganarsa ta shekaru ce. Wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2012 ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa 27 cikin 100 na masu shan magani, ya dawo wa 64 cikin 100 na waɗanda aka cire wa. Kuma dawowar ba ta zuwa a ranar da aka daina. Mutum kan yi wata biyu ko huɗu garau, gida ya ce ai ga shi nan ya warke ba ƙwaya, sannan ciwon ya faɗo, galibi ya fi na baya wuyar kwantarwa.

Me ke sa a daina? Kuɗi na ciki, amma babban dalili shi ne wahalar da maganin ke jawowa wadda ba wanda ya yi wa iyali bayaninta tun farko. Bari mu yi ta dalla-dalla.

A kwanakin farko na haloferidol ko makamancinsa, musamman ga samari, wuya kan karkace, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, muƙamuƙi ya ƙage. Duk wanda ya ga haka zai rantse iska ce ta hau. Tsoka ce ta ɗaure saboda maganin, kuma allura ɗaya ko ƙwayar Artane kan sake ta cikin ɗan lokaci. Gidaje da yawa daga wannan rana suke yanke hulɗa da asibiti. Bayan makonni kuma sai sandarewar jiki, karkarwar hannu, tafiya da jan ƙafa, dalalar yawu. Wannan alama ce adadin ya yi yawa ko maganin bai karɓe shi ba, gyaransa a rage ko a canza. Akwai wata wahalar da ta fi su ɓoyuwa, mutum ya kasa zama wuri ɗaya, yana ta safa da marwa a tsakar gida, ƙafafu ba sa tsayawa. Dangi sai su ɗauka ciwon ne ya motsa su ƙara masa ƙwaya, abin ya ƙaru. Azaba ce ta gaske, har takan kai wasu ga tunanin halaka kansu, don haka a gaya wa likita da wuri. Wanda ya daɗe a kan tsofaffin magunguna kuma a riƙa duba bakinsa: in ya fara motsa leɓe da harshe kamar mai tauna ba da nufinsa ba, a kai rahoto tun abin bai zauna ba, don in ya zauna yana da wuyar tafiya.

Artane kanta a yi hattara da ita. Ba ta maganin ciwon, wahalar maganin kawai take ragewa, kuma ba dole ne kowa ya sha ta kullum har abada ba. Tana busar da baki, tana ɗaure ciki, tana ƙara mantuwa, kuma 'yan shaye-shaye na nemanta. A ajiye ta a hannun babba, a ƙirga.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gobe. In mai shan waɗannan magunguna ya yi zazzaɓi mai zafi, jiki duka ya sandare, gumi na karyo masa, hankali ya gushe, a dakatar da maganin a kai shi asibiti a ranar, a kuma tafi da kwalayen magungunan. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa, kuma kuskuren da ake yi shi ne a tsaya a kemis ana allurar zazzaɓin cizon sauro kwana uku. Zafin bazara na Maris da Afrilu ma abin lura ne, domin waɗannan magunguna suna rage wa jiki iya sanyaya kansa. A yawaita ruwa, a guji aikin tsakar rana. Mai shan Largactil rana kan ƙona masa fata, jiri kan ɗebe shi in ya miƙe da sauri, sai ya fara zama a bakin gado minti ɗaya kafin ya tashi.

Sai wahalar da kunya ke hana faɗa. Risferidon da tsofaffin magunguna kan rage wa namiji sha'awa da ƙarfi, su ɗauke wa mace al'ada, har nono ya kawo ruwa ga wadda ba ta shayarwa. Magidanci ba zai faɗi wannan a gaban ƙaninsa da ya rako shi ba. Zai yi shiru ya daina sha, ko ya nufi masu maganin maza. Don haka muna roƙon 'yan rakiya su riƙa ba mara lafiya minti biyar shi kaɗai da likita, muna kuma tuna wa abokan aikinmu su yi tambayar da bakinsu. Ana iya rage adadi ko a canza magani. Mace kuma ta sani ɗaukewar al'ada ba ta hana ɗaukar ciki.

Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya, ko gidan da kullum sai an yi rigima a kan "ka sha ko ba ka sha ba", akwai allurar da ke daɗewa a jiki. Modecate ita ce aka fi sani a nan: a fara da gwajin miligiram 12.5, in jiki ya karɓa a koma kamar 25 duk mako 2 zuwa 4, a cikin tsokar ɗuwawu. Amfaninta biyu ne. Uwa ta huta da zama 'yar sanda a kan ɗanta, kuma in an tsallake, kowa ya sani a ranar. A rubuta ranar allura ta gaba a bayan katin asibiti da jikin kalanda, a sa a waya. In kuwa an gwada magani iri biyu daban-daban, kowanne da cikakken adadi da cikakken lokaci, ba a ga sauƙi ba, kada a ce ciwon ya gagara. Kusan ɗaya cikin uku haka suke, kuma akwai kulozafin domin su. Sharaɗinsa gwajin jini ne, kowane mako a makonni 18 na farko sannan a riƙa tazara, saboda yakan rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Mai shan sa in ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, gwajin jini a ranar. In ya kwana biyu bai yi bayan gida ba, a faɗa, domin ɗaurewar cikinsa kan yi tsanani. In ya tsallake fiye da awa 48, ba a komawa kan tsohon adadi, sai likita ya sake farawa daga ƙasa.

Malam Edita, ga abin da ya fi ci mana rai. Masu irin wannan ciwo suna rasuwa da wuri, shekara 10 zuwa 20 ƙasa da sauran jama'a, kuma akasari ba ciwon ƙwaƙwalwar ke kashe su ba. Ciwon zuciya ne, da suga, da hawan jini, da tarin fuka, cututtukan da ake iya ganowa da araha. Dalili shi ne da zarar an san mutum da taɓin hankali, duk kukan da ya yi sai a ce ciwon nasa ne. Ya ce ƙirjinsa na ciwo, a ce ya sha maganinsa ya kwanta. Olanzafin na buɗe ciki ƙwarai, mutum ya yi ta ƙiba, gida na murna ya murmure, alhali suga ce ke tafe. Ƙa'ida ita ce a auna nauyi da faɗin ƙugu da hawan jini da sukarin jini kafin a fara magani, a sake bayan wata 3, sannan duk shekara. Nauyi kuwa a riƙa dubawa duk wata. Mai kilo 60 in ya ƙara kilo 4 a 'yan watanni, lokacin magana da likita ya yi. Hawan jini da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama yana son magani kamar na kowa. A rage lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu, a rage goro da yamma don barci. Tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako ta wadatar, kuma ta fi yiwuwa in wani ya raka shi, misali bayan la'asar. Tarin da ya wuce mako biyu a kai gwaji, maganin tarin fuka kyauta ne, ga cibiyar tarin fuka ta Saye nan kusa da mu. Taba sigari na cin su fiye da kowa, kuma hayaƙinta na rage ƙarfin olanzafin da kulozafin a jini, saboda haka wanda zai daina ya sanar da likita a daidaita masa adadi. Wiwi kuwa ba sassauci a kanta: tana tayar da ciwon ko ana shan magani.

Mu dawo tsakar gida. Tun shekarun 1960 bincike a Ingila ya gano, aka kuma sake tabbatarwa a ƙasashe da dama, cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da ake yawan suka da tsawa, haka nan a gidan da aka lulluɓe mara lafiya da tausayi har ba a barinsa ya ɗaga tsinke. Duka biyun muna da su. Abin da ke aiki shi ne magana gajera, murya ƙasa, umarni ɗaya a lokaci ɗaya. "Audu, ga ruwa can, je ka yi wanka," ya fi dogon wa'azi a kan tsafta. In ya ce ana magana da shi ta rediyo, kada a yi musu, kada kuma a gaskata. A ce, "Ni ban ji ba, amma na ga abin ya dame ka, zo mu zauna." Musu ba ya rushe irin wannan zargi, sai dai ya sa mai musun cikin waɗanda ake zargi. A kira shi da sunansa, a hana yara tsokanarsa, a bar shi ya ci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa. In ana shawarar aurar da ƙanwarsa, a tambaye shi ra'ayinsa ko da ba za a bi ba.

Kowane mara lafiya yana da alamominsa na gargaɗi, kuma kusan iri ɗaya suke dawowa kowane karo. Wani barci ke fara ƙaurace masa dare biyu ko uku, wani ya daina cin abincin gida, wani ya rufe ƙofa, wata ta fara dariya ita kaɗai. A zauna da shi lokacin da yake lafiya a rubuta su a takarda, a amince da wanda za a kira da inda za a je. In sun bayyana, a tafi asibiti cikin kwana biyu, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. In kuwa abin ya riga ya tashi, a kawar da wuƙa da adda da igiya da fiya-fiya da maganin ɓera, a sallami 'yan kallo, a janye yara, mutum ɗaya da ya fi yarda da shi ya yi masa magana daga ɗan nesa, a bar masa hanyar fita kada ya ji an ritsa shi. Kuma don Allah a ajiye waya. Bidiyon da aka ɗauka a ranar tashin ciwo yana nan yana yawo bayan mutum ya warke yana neman aure. Mafi yawansu ba sa taɓa kowa, su ne ma aka fi duka da cuta da fyaɗe. Haɗarin da ya fi kusa shi ne su cutar da kansu: kimanin 5 cikin 100 kan halaka kansu, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne shekarun farko da makonnin da ke bin sallama daga asibiti, sa'ad da hankali ya dawo mutum ya ga abokansa sun gama karatu sun yi aure. In ya fara cewa ya zama kaya ga mutane, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, takan buɗe masa baki ne.

Mari da sasari da turu kuwa, mun san ba mugunta ce ke sa iyaye su yi ba, gajiya ce da tsoro da rashin wurin kaiwa. Amma sakamakonsu a bayyane yake: gyambo a idon sawu, tsoka ta shanye, kuma mutum ya koyi ɓoye abin da yake ji don kada a mayar da shi. Jihar nan ta ga abin da aka tarar a Rigasa a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300 daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda aka samu maganin da ya karɓe shi ba ya bukatar ɗauri.

Sana'a ita ce abin da ke dawo wa mutum da mutuncinsa a unguwa, kuma kuskure ne a ce sai ya warke sarai tukuna. Gwaje-gwaje sun nuna cewa sa mutum a aiki na gaske tare da mai lura da shi ya fi a yi ta horar da shi ana jira. A fara da awa ɗaya ko biyu a rana, a aiki mai tsari ɗaya da ba hayaniya: ɗinkin hula, aikin allura a babbar riga wanda Birnin Zazzau ya shahara da shi, kiwon awaki ko kaji, jiran shago da safe, taya cire ciyawa a gonar masara. Bayan mako biyu ko uku a ƙara. A guji gadin dare da duk aikin da ke hana barci, a guji acaɓa da injin niƙa muddin magani na sa shi gyangyaɗi. A biya shi a hannunsa, ko kaɗan ne, a bar shi ya sayi sabulunsa. Ɗalibi kada a yi saurin cewa karatu ya ƙare, a nemi takardar likita a jingine zangon, ya koma da darussa kaɗan. Gadonsa kuma a tsare masa. Ciwo ba ya soke rabon mutum, kuma wanda aka ɗora wa riƙon dukiyarsa amana ce a wuyansa.

Aure ba ya warkar da wannan ciwo, ko da yake ana yawan cewa a yi masa aure ya natsu. Amma mai ciwon da ya daidaita yana iya aure ya riƙe gida. Inda ake faɗawa rami shi ne ɓoyewa. An ɓoye wa dangin miji, amarya ta tare ba ta da halin shan ƙwaya a gaban kowa, ta daina, ga hidimar biki da rashin barci, bayan wata uku ciwon ya tashi a gidan da ba wanda ya san kansa, a dawo da ita da takarda. A fikihun Malikiyya ma taɓin hankali na cikin aibobin da ke ba ɗaya ɓangaren zaɓi in an ɓoye masa. A faɗa tun farko, a kawo wanda zai aura ya ji daga bakin likita. Masu tsoron gado su sani cewa in ɗaya daga iyaye na da ciwon, kimanin ɗa 1 cikin 10 ne ke samu, tara ba sa samu. Mace mai son haihuwa ta yi shawara kafin ciki, kada ta yanke magani da kanta ranar da ta ga alama. In tana shan Epilim, wanda akan haɗa wa wasu, lallai a duba shi tun kafin ciki domin yana illa ga ɗan tayi. Makonnin jego su ne mafi haɗari, saboda haka a samu wadda za ta karɓi jariri da dare mai jego ta yi barci. Wankan jego bai hana shan magani ba.

Azumi ma ana iya shirya masa. A ga likita tun cikin Sha'aban. Yawancin magungunan nan ana iya mayar da su sha ɗaya bayan buɗa-baki ko kafin kwanciya. Abin da ya fi tayar da ciwon a Ramadan shi ne rashin barci, musamman a goman ƙarshe, don haka a tsare masa awanninsa ko da zai rage tsayuwar dare. Wanda ciwonsa ke tashe, malamai sun san hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, kada a tsananta masa.

Duk wannan nauyi yawanci a kan mace ɗaya yake, uwa ko mata, har ita ma ta kwanta. 'Yan'uwa maza su raba: wani kuɗin magani, wani rakiya, wani ya ɗauke shi kwana biyu a wata.

Sauran magana ta hukuma ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka ba zai yiwu kowa ya dogara da Shika da Barnawa ba. Mutumin Soba ko Ikara ko Giwa da zai biya motar mutum biyu ya kashe yini don allurar minti biyar, wata rana zai fasa. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma an yi aikin samar da ƙaramin asibiti a kowace. A horar da ma'aikatansu da tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka yi shi domin waɗanda ba ƙwararru ba, a ajiye musu allurar wata-wata da ƙwayoyi uku ko huɗu, ƙwararre ya riƙa zagayowa yana dubawa. Ya kamata hukumar inshorar lafiya ta jihar, wato KADCHMA, ta tabbatar waɗannan magunguna da gwajin suga na cikin abin da inshorarta ke biya, a kuma sa masu wannan ciwo cikin marasa galihun da ake biya wa. Wannan tunani ba daga waje aka aro shi ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, suna karɓar magani suna cikin jama'a, duniya ta zo ta koya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare su daga azabtarwa da wariya, ta kuma tanadi asusu na musamman. Muna so mu ga aikinta a Tudun Wada da Kwarbai da Samaru.

Muna roƙon Masarautar Zazzau ta umarci hakimai da masu unguwanni su san gidajen da ke da ɗaurarre, su haɗa su da asibiti ba tare da tozarta kowa ba. Limamai su ware huɗuba guda a kan haƙƙin mai taɓin hankali. Ku kuma 'yan jarida, ku daina buga hoton mara lafiya a bola ko a ɗaure, ku riƙa sakaya sunansa, kuma in da hali ku ba da shafi sau ɗaya a wata inda iyalai za su aiko da tambaya a kan magani da illolinsa, ma'aikatan wannan fanni su amsa.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa,
Zariya, Jihar Kaduna.